In yaro ya faɗi ya bugu a kai

Da farko ki rarrashe shi, ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora kan ƙullutun kamar minti 10. In jini ne ki danne da tsumma mai tsafta.

Sai ki sa mai ido awa 24 zuwa 48, barci ba laifi bane amma ki riƙa duba shi cikin dare. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko jijjiga, ko ya ƙi tashi daga barci, ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci, maɗigar jariri ta kumbura ko ya ƙi nono, to maza asibiti, kar ki tsaya jiran babansa wallahi.

In kina zargin wuya ya taɓu kar ki ɗaga shi, kira lambar gaggawa 112. Ban da asfirin.