Yadda Ake Haɗa Baƙon Alade da na Gida, da Abin da Kumfar Bakinsu Ke Nufi

Duk mai kiwon da ya taɓa sayo alade daga kasuwa, irin ta Katsit da ke kusa da Kafanchan, ya kawo shi gida ya zuba cikin nasa, ya san abin da ke biyo baya. Dabbobin za su shinshini juna, gashin doronsu ya miƙe, su fara datsa muƙamuƙi kamar masu tauna alhali babu komai a bakinsu, sai farar kumfa ta taru a gefen leɓe tana dalala ƙasa. Mutane da yawa kan ɗauka guba dabbar ta ci, amma a irin wannan lokaci galibi alamar tashin hankali ce da shirin faɗa. A wajen baligin namiji abin ya fi yawa, domin miyaunsa na ɗauke da wani wari mai ƙarfi da yake sanar da sauran maza matsayinsa, kuma da shi yake jan hankalin mace lokacin barbara.

Aladu suna gane juna ne da wari, kuma kowane garke yana da babba da ƙarami. Idan baƙo ya shigo, dole a sake tantance wane ne gaba da wani. Za ka ga biyu sun jera kafaɗa da kafaɗa suna turin juna, suna kai duka da kai, suna cizon kunne da wuya, har sai ɗaya ya juya baya ya gudu. Faɗan ya fi muni a sa'o'in farko, kuma yawanci yakan lafa cikin kwana 1 zuwa 2. Ba za a iya hana shi gaba ɗaya ba. Aikin mai kiwo shi ne ya rage tsawonsa da ɓarnarsa.

Matakin farko shi ne killace baƙon a wani ɗaki daban mai nisa na kimanin kwana 30, da kwanon abincinsa da na ruwansa. Wannan ba don faɗa kawai ba ne. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Najeriya a 1997, ba shi da magani, kuma sabuwar dabba ɗaya tana iya ƙarar da garke duka. Bayan wannan wa'adi, a matso da shi kusa da sauran ta yadda shinge mai ƙarfi zai raba su, su riƙa ganin juna suna shinshina ta tsakanin sanduna na 'yan kwanaki.

Ranar haɗawa, a zaɓi yamma bayan rana ta yi sanyi, musamman a bazara, domin alade ba ya zufa yadda za ta sanyaya masa jiki, kuma faɗa cikin zafi na iya kashe shi. Ya fi kyau a kai kowane ɓangare wani fili ko ɗakin da babu mai shi a cikinsu, mai faɗi, wanda ƙasansa ba ya santsi. A ciyar da su tukuna, sannan a watsa dusa a wurare biyu ko uku nesa da juna, a zuba ciyawa ko karan dawa da za su shagala da tona, a kuma jingina katako ko tsohon kwanon rufi a tsakiya domin wanda aka fi ƙarfi ya sami inda zai ɓuya. A ganina wannan maɓoya ta fi komai muhimmanci, saboda wanda ya miƙa wuya amma ya rasa hanyar gudu shi ne ake yi wa mummunan rauni. Shafa musu kananzir ko baƙin mai don ɓatar da wari, kamar yadda wasu ke yi, ba ya hana faɗan, kuma yana ƙona fata.

Kada a jefa alade ɗaya tilo cikin garke mai yawa, kada a haɗa baligan maza biyu da ba su tashi tare ba, domin fiƙoƙinsu na tsaga ciki, kuma kada a haɗa mace da baƙi a makonni 4 na farko bayan barbara, saboda cikin na iya lalacewa.

Mai kiwo ya tsaya a wurin aƙalla sa'o'i biyu da faffaɗan katako a hannu, wanda zai sa tsakanin masu faɗa idan jini ya yi yawa. Hannu ko ƙafa ba a sa su a tsakani. Idan ya ga ɗaya ya kwanta yana haki baki buɗe, jikinsa na rawa, a janye shi zuwa inuwa, a yayyafa masa ruwa a hankali, a ba shi na sha.

Kumfar tashin hankali takan tsaya da zarar dabbar ta natsu. Idan ta ci gaba har washegari, ko ta zo tare da ƙin cin abinci, zafin jiki sama da digiri 40, ƙuraje a hanci da kofato, ɗingishi ko farfaɗiya, to a ware dabbar nan take, a duba ko ruwan sha ya yanke mata, a kira likitan dabbobi a ranar.