Yadda kamfanin ƙera kayan lantarki zai bi diddigin masu kawo masa kaya har zuwa ramin haƙar ma'adinai

Kamfanin da ke ƙera waya ko kwamfuta ya san wanda ke harhaɗa masa kayan, ya san mai sayar masa da batir da gilashin fuska. Daga nan galibi ganinsa ya ƙare. Ita kuwa ɓarnar, wato aikin tilas da bautar da yara da kuɗin da ke faɗawa aljihun 'yan bindiga, tana can ƙasa, bayan hannu huɗu ko biyar. Takardar alkawari da dillali ya sa wa hannu ba ta kai can, sai an bi sawu da ƙafa.

Fara da samfur guda ɗaya, kada ka ce za ka kwashi duka lokaci guda. Ɗauko jerin sassan da ke cikinsa, ka yi alama a kan duk wanda ke ɗauke da ma'adinai biyar ɗin nan: kuza, wanda da shi ake liƙe sassa a jikin allon na'ura; tantalam da ke cikin kapasita, wato ɗan sashen da ke adana wutar lantarki na ɗan lokaci; tangistan da ke cikin ɗan injin da ke sa waya ta yi rawa; zinare da ake shafa wa bakin mahaɗai; sai kobalt na cikin batir, wanda kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa. Gaban kowane sashe rubuta sunan mai kawo shi da ainihin masana'antar da ake yin sa, domin adireshin ofis ba ya nuna inda ma'aikata suke. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jera dillalai bisa yawan kuɗin da ake kashewa a wurinsu. Ƙaramin wurin shafa zinare mai ma'aikata talatin, ko kamfanin da ke samo leburori, yakan fi babban dillali haɗari nesa ba kusa ba.

Na biyu, sa ƙa'ida cikin kwantiragi, da lambobi ƙarara. Ba sai ka ƙirƙiro taka ba: ƙungiyar Responsible Business Alliance, wadda kamfanonin lantarki suka kafa a 2004, tana da kundin da masana'antu suka riga suka sani. Aiki kada ya wuce awa 60 a mako har da ƙarin lokaci, a ba da hutun kwana ɗaya cikin bakwai, ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba, wanda bai kai 18 ba kuma ba ya aikin dare ko mai haɗari. Ba a riƙe wa ma'aikaci fasfo, ba ya kuma biyan ko sisi don a ɗauke shi aiki. Ƙara sharaɗi biyu naka: damar shiga masana'anta ba tare da sanarwa ba, da wajibcin dillali ya ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan nasa dillalan.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne na ma'adinai. Ramukan haƙa sun yi yawa, ba wanda zai iya zagaye su, amma matatun da ke narke ma'adinan nan 'yan ɗaruruwa ne a duk duniya, kuma da zarar an narke, ba mai iya gane asalin kaya. Saboda haka matata ita ce ƙofar da ake tsarewa. Aika wa kowane dillali fom ɗin bayyana asalin ma'adinai mai suna CMRT na ƙungiyar Responsible Minerals Initiative don kuza da tantalam da tangistan da zinare, da fom ɗin EMRT don kobalt, shi ma ya tura wa na ƙasa da shi har a kai ga sunan matata. Kowace matata da aka sani tana da lambar shaida mai farawa da CID. Gwada lambar da jerin waɗanda suka ci binciken RMAP, wato tsarin tantance matatu na wannan ƙungiya.

Amsoshin farko sukan zo da shirme, kada hakan ya ba ka mamaki. Wani zai turo jerin duk matatun da kamfaninsa ya taɓa hulɗa da su, ɗari biyu ko fiye, alhali sashe ɗaya kake saya. Mayar masa, ka nemi na wannan sashen kaɗai. Wani zai rubuta sunan ɗan kasuwa a gurbin matata. Wani kuma zai ce kayansa ba daga Kongo suke ba amma bai ambaci matata ko ɗaya ba, to ta ina ya sani? Zinare ya fi kowanne wuya, don ɗan kaɗan ne ke da tsada, ana iya sa shi a aljihu a tsallaka iyaka, a kira shi tsohon zinare da aka sake narkewa. Ko alamar da ake ɗaura wa buhu a bakin rami ba ta isa hujja ita kaɗai ba: bayan 'yan tawayen M23 sun kama Rubaya, garin haƙar ma'adinai a gabashin Kongo, a Afrilun 2024, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da rahoton ana fitar da koltan na wurin, wato ma'adinin da ake samun tantalam daga cikinsa, ta Ruwanda ana cakuɗa shi da wani. Duk da haka, cewa dillalai su ƙaurace wa Kongo gaba ɗaya ba gyara ba ne. Masu haƙa da hannu ne ke rasa abinci, kayan kuma su koma hannun 'yan fasa-ƙwauri.

Sai shiga masana'anta. Mai binciken da aka yi wa shara aka tarbe shi da shayi, abin da aka shirya masa kawai zai gani. Kwatanta takardar albashi da bayanan katin shiga ƙofa da littafin aikin injuna. Idan inji ya yi aiki ranar hutu amma takarda ta ce ba kowa, akwai littafi na biyu a ɓoye. Yi hira da ma'aikata a harshensu, ba shugaba a kusa, har da na dare da na kwantiragi. Kada ka tambayi baƙon ma'aikaci ko an tilasta masa, zai ce a'a. Tambaye shi nawa ya biya kafin ya zo, wa ya ba shi bashin, fasfonsa yana ina yanzu. Binciken ƙungiyar Verité na 2014 ya gano kusan ɗaya cikin uku na baƙin ma'aikatan lantarki a Malesiya suna cikin aikin tilas, kuma bashin kuɗin ɗauka aiki na cikin manyan dalilai. Leƙa ma'ajin sinadarai ma, ka karanta abin da ke jikin gwangwani: a wata masana'anta a Suzhou ta ƙasar Sin, ma'aikata 137 sun kamu da ciwo bayan an koma goge gilashi da sinadarin n-hexane don ya fi saurin bushewa.

Abin da za ka yi da sakamakon ya danganta da nauyinsa. Jagorar OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ta raba shi biyu. Idan akwai azabtarwa, aikin tilas, mummunar bautar da yara ko tallafa wa 'yan bindiga a hanyar ma'adinan, a dakatar da ciniki nan take. Idan cin hanci ne ko ƙin biyan haraji, a tsara gyara, in wata shida ya wuce ba canjin da za a iya aunawa, a dakatar. A masana'anta kuwa, kuɗin da ma'aikaci ya biya a mayar masa cikin asusunsa, ka ga shaidar banki da idonka. Yaron da aka samu yana aiki ba korarsa ake yi a wanke hannu ba. A mayar da shi makaranta a ci gaba da biyansa. Ka kuma duba naka gidan: idan sashen sayayya ya ninka oda ya ce a kawo cikin kwana goma a tsohon farashi, kai ka jawo aikin awa 80.

Rahoto a kowace shekara ake yi. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jarin Amurka suna miƙa rahoton asalin ma'adinansu, mai suna Form SD, zuwa 31 ga Mayu ƙarƙashin sashe na 1502 na dokar Dodd-Frank ta 2010. Dokar Tarayyar Turai kan masu shigo da kuza da tantalam da tangistan da zinare ta fara aiki a Janairun 2021. Tun 21 ga Yunin 2022 kuma, kwastan na Amurka na ɗaukar duk kayan da ke da alaƙa da yankin Xinjiang na ƙasar Sin a matsayin na aikin tilas har sai mai kaya ya kawo hujja, kuma hujjar ita ce rasit da takardun jigila na kowane hannu. Ajiye su, da fom-fom da rahotannin bincike, aƙalla shekara biyar.