Kurakuran Masu Bibiyar Tsuntsayen Ƙaura a Bazarar Arewacin Turai

Daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, tsuntsayen da suka yi hunturu a Afirka suke komawa arewacin Turai don yin sheƙa. Lokacin ne rahoton ganin baƙon tsuntsu, wato wanda ba a saba gani a yankin ba, yake yawaita, kuma da yawa daga cikin rahotannin ba sa tsayuwa idan an tantance su.

Kuskuren farko tun daga gida ake yin sa: mutum ya fita ba tare da ya duba iska ba. Yawancin ƙananan tsuntsaye da dare suke tafiya. Idan sama ta yi garau kuma iska na turo su daga kudu, wucewa suke yi ta can sama, gari ya waye ka tarar da kurmi fayau. Daren da ake nema shi ne wanda suka tashi cikin yanayi mai kyau a kudu, sannan suka ci karo da ruwa ko hazo kafin asuba. Dole su sauka a ƙasar farko da suka gani, tsibiri ko tsinin gaɓar da ya kutsa cikin teku. Abin da ya ɗaukaka sunan tsibirin Heligoland ke nan a Jamus, da tsibirin Fair Isle tsakanin Orkney da Shetland a Birtaniya, inda aka kafa tashar lura da tsuntsaye a 1948. Duba taswirar yanayi tun yamma, ka isa wurin kafin rana ta fito. Awa biyu zuwa uku na farko su ne masu albarka.

Manyan masu shawagi, irin su shaho da mikiya, lissafinsu daban. Suna hawa iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa, teku kuwa ba ta ba su irin wannan, shi ya sa suke cunkushewa inda teku ya fi ƙunci, a mashigin Jibralta tsakanin Maroko da Sifen mai faɗin kilomita 14 kacal, da na Bosforus a Turkiyya. Su sai hantsi ya dubi ludayi.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne wajen sanya wa tsuntsu suna. Ido ya ga wani abu na daƙiƙa biyar, hannu ya buɗe littafi, zuciya ta zaɓi hoton da take so, daga nan duk abin da littafin ya ce sai mutum ya ji kamar ya gani. Maganinsa: kada a buɗe littafi ko waya sai an rubuta. Girmansa idan aka gwada da tsuntsun da ke kusa, siffar baki, launin ƙafa, tsawon fikafiki a kan wutsiya, layin da ke saman ido, yadda yake motsi, kukansa. A rubuta har abin da ba a samu gani ba, domin masu tantance rahotanni suna ƙara yarda da wanda ya ce bai ga ƙafa ba.

Dubi chiffchaff da willow warbler, ƙanana biyu masu launin kore-kore da suke rikita har tsofaffin hannu. Na farkon ƙafarsa baƙa ce galibi, fikafikinsa gajere, yana yawan kaɗa wutsiya ƙasa, kuma tun Maris yake isowa. Na biyun ƙafarsa ta fi haske, fikafiki ya fi tsawo, sai Afrilu. Launin ƙafa kaɗai ba hujja ba ne, hasken rana yana sauya shi. Waƙarsu ce take raba gardama.

Kada a manta da gashin da ya koɗe. Tsuntsun da aka ƙyanƙyashe bara yana iya dawowa da tsofaffin gashin fikafiki, sai ya yi kama da wani jinsi. Akwai kuma masu farin gashi na halitta. Ka fara kore sanannun jinsuna ɗaya bayan ɗaya kafin ka ambaci baƙo.

Baƙon gaskiya yana da dalili. A Afrilu da Mayu, idan iska mai ɗumi ta daɗe tana busowa daga kudu, tsuntsu irin alhudahuda yakan zarce inda ya saba sheƙa ya ɓulla a Birtaniya ko Sikandinebiya. Wanda ya bayyana ba tare da yanayin da ya dace ba, musamman agwagwa mai ado, a duba ƙafarsa ko da zoben roba, a duba ko an datse masa fikafiki, a lura ko ya saba da mutane. Mai yiwuwa daga keji ya tsere.

Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gane kuka, amma shawara take bayarwa. Idan ta kawo sunan da ba a saba ji a wurin ba, a ajiye sautin, a nemi tsuntsun da ido.

Sai batun takura masa, wanda ya fi duk sauran muni. Tsuntsun da ya ƙetare Sahara da Bahar Rum ya ƙone kitsensa, abinci yake nema ido rufe. Duk tashin da ka sa ya yi don hoto, ƙarfin da zai kai shi gida kake ci. Tsaya nesa da madubin hangen nesa, 8x42 (mai girmama abu sau takwas) ya wadatar, kada ka kunna masa kukan jinsinsa. Idan ka ga alamar sheƙa, kada ka wallafa wurin, masu satar ƙwai suna karanta rahotanni.

Rahoto kuma a kai shi da wuri, da kwanan wata, lokaci, tazara, yanayin haske da hoto ko da bai fito tas ba. A shigar a eBird, shafin intanet na tattara rahotannin ganin tsuntsaye, sannan a aika wa kwamitin tantance baƙin tsuntsaye na ƙasar. Na Birtaniya yana wannan aiki tun 1959.