Fitilar Jakar Iska Bayan Canza Sitiyari: Kurakuran da Aka Fi Yi

Ka ɗaura sabon sitiyari, ɗan ƙarami mai fata, ya zauna maka daram a hannu. Ka murɗa makulli, fitilun allo suka kama gaba ɗaya kamar yadda suka saba, suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai guda ta tsaya cak: hoton mutumin nan zaune da ƙwallo a gabansa, ko kuma haruffan SRS, wato alamar tsarin jakar iska, jakar nan da ke kumbura ta tare mutum lokacin karo. A mota mai lafiya wannan fitila 'yan daƙiƙu take yi, kamar shida, sannan ta mutu. A cikin daƙiƙun nan kwamfutar jakar iska tana bin layukanta ɗaya bayan ɗaya tana tura musu ɗan siririn lantarki, tana auna ko kowane makunni, wato ɗan abin da ke tayar da jaka, yana nan. Makunnin jakar direba yakan nuna mata tsakanin ohm 2 da 3 (ohm shi ne ma'aunin nauyin layi, wato yadda yake rage gudun lantarki). Sitiyarin wasanni irin na Momo ko Sparco ko Nardi ba ya zuwa da jaka, don haka idan ta leƙa layin sai ta tarar babu kowa a ƙarshensa. Ba ƙarya fitilar ta yi ba. Abin da ta gani ta faɗa.

Daga nan kuskure mafi girma yake farawa: mutum ya ɗauki fitilar a matsayin matsalar. Wani ya manna mata baƙin tef, wani ya sa a kwance allon a zare ƙwan. Na rasa yadda zan nuna irin haɗarin wannan. Fitila ɗaya ce tal ke magana da yawun jakar fasinja, da jakunkunan gefe, da na saman taga, da kuma abin nan da ke fizgar bel ya ɗaure ka a kujera lokacin karo. Ranar da ka rufe mata baki, ka rufe bakinsu duka. Gobe waya ta tsinke a ƙarƙashin kujerar fasinja, babu mai gaya maka. Haka ma wanda ya bar ta a kunne yana cewa ai ya san dalili: tunda kullum tana ci, sabuwar cuta ba ta da hanyar bayyana kanta. Motoci kuma sun bambanta. Wata takan ware layin da ya lalace kawai ta ci gaba da aiki da sauran, wata kuwa ba za ka iya dogara da sauran ba muddin fitilar na kunne. Ran karo ba ranar gano wacce ce taka ba ce.

Da yawa ma tun kafin a taɓa notin sitiyari aka yi ɓarnar. A cire kan batir na nagatif tukuna, a jira. Kwamfutar tana da ma'ajiyar wuta a cikinta, wadda aka yi domin ko batir ya fashe a haɗari ta iya tayar da jaka, kuma wutar ba ta zubewa nan take. Littattafan Toyota kan ce a jira daƙiƙa 90 aƙalla, na Honda minti 3. Ni minti goma nake ba ta, ba ta rage ni da komai. Akwai kuma mai gaggawar da zai mayar da batir ya murɗa makulli don ya gwada hon alhali soket ɗin jaka na rataye babu komai a bakinsa. Murɗawa ɗaya ta isa kwamfuta ta rubuta laifi ta ajiye, kuma a motoci da dama ko an gyara komai daga baya rubutun na nan.

Jakar da aka cire fa, abin fashewa ce, ba kayan ado ba. Kada a ɗora mata mitar lantarki don a auna ta, kada a kai mata fitilar gwaji, domin su kansu wuta suke turawa. In za ka ɗauke ta, fuskarta ta kalli gaba, nesa da jikinka. In za ka ajiye, fuskar mai tambari ta kalli sama. Wanda ya kifa ta, in ta tashi, ƙarfen bayanta ne zai yi sama kamar an harba shi.

Sai batun rizisto, ɗan abin nan da ke rage gudun lantarki a layi, wanda a nan ne mafi yawan mutane ke ɓata kwanaki. Dabarar mai sauƙi ce: a sa ɗan rizisto a bakin wayoyi biyun da ke zuwa jaka, mai nauyin da ya yi daidai da na makunnin, kwamfuta ta auna ta ga layin a rufe. Amma kwamfutar tana da iyaka ta sama da ta ƙasa, kuma tazarar ba ta da faɗi. Wata mota ohm 2.2 take karɓa, wata 3.3, kuma abin da ya yi wa motar abokinka aiki ba lallai ya yi wa taka ba. A nemi adadin a littafin gyaran motar, ko a yi amfani da wanda ya zo tare da gindin sitiyarin da aka ƙera wa wannan samfurin.

Ga wani kuskure da na gani da idona. Mutum ya sayo rizisto an ce masa "biyu da ɗigo biyu" ne, ya ɗaura, fitila ta ƙi mutuwa, ya canza wuri, ya sake ɗaurawa, shiru. Da aka ɗaga shi a haske aka duba zoben launin da ke jikinsa, sai ga ja, ja, ja. Wannan ohm 2,200 ne, ninki dubu na abin da ake nema. Na ohm 2.2 zobensa ja, ja, sai ruwan zinare. Zobe ɗaya ne bambancin, ga shi abin bai fi ƙwayar shinkafa girma ba. Shi ya sa a auna rizisto a hannu kafin a kai shi mota. Kuma kafin aunawa a haɗa bakin wayoyin mita biyu a ga abin da suke nunawa su kaɗai, domin sukan ci kusan rabin ohm, wanda a wannan aiki ba ƙaramin abu ba ne. Sai a debe shi daga lissafi.

Wani kuma ya ce me zai sa ya wahala, sai ya haɗe wayoyin biyu da guntun waya. Kwamfuta ba ta yarda da wannan. Da can tana cewa layi ya yanke, yanzu za ta ce layi ya haɗe, fitila dai na nan.

A duba bayan tsohuwar jakar ma. In soket biyu ne ke shiga, to jakar mai mataki biyu ce, makunni biyu gare ta, ɗaya na tashi a ƙaramin karo, a haɗa da na biyun in karon ya yi tsanani. Kowane layi rizisto nasa yake buƙata. Mutum ya sa ɗaya ya bar ɗaya, sannan ya yi ta zargin kwamfuta.

Yadda ake ɗaura shi ma abin dubawa ne. Cusa ƙafafun rizisto a ramin soket a naɗe da tef yakan yi aiki a ranar farko. Bayan mako biyu na gargada da zafin rana, ƙafa ɗaya ta ɗan saki, nauyin layin ya haura na ɗan lokaci, kwamfuta ta kama, fitila ta dawo. Irin wannan ne mai cewa "jiya ta mutu, yau ta dawo". Abin da ya fi shi ne rizisto da ke cikin soket nasa, wanda zai shiga ya kulle. In babu, a like da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a ɗaure shi yadda ba zai riƙa lilo a cikin gindin sitiyari yana gogar ƙarfe ba. Soket ɗin jakar iska, waɗanda galibi launin rawaya ne, suna da makulli na biyu, wasu kuma da ɗan ƙarfe a ciki mai haɗe layin da gangan idan an zare su, don kada tartsatsin lantarki ya tayar da jaka. In soket bai shige har ƙarshe ba, ƙarfen nan bai janye ba, sai kwamfuta ta ga layi a haɗe alhali rizisto lafiyarsa ƙalau.

Akwai kuma ribon. A bayan sitiyari akwai wani faifan roba, cikinsa wata shimfiɗaɗɗiyar waya ce a naɗe kamar tef ɗin awo, ita ke kai wuta ga jaka da hon da maɓallan sitiyari yayin da yake juyawa. Tsawonta bai wuce juyi biyar ko kusa da haka ba daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da zarar an cire sitiyari, faifan yakan juya da ɗan taɓawa kaɗan. In ya goce da juyi ɗaya aka mayar da shi haka, komai zai yi daidai a gareji. Sai ranar da ka karya sitiyari har ƙarshe za ka juya mota, ka ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashin hannunka. Shi ke nan, hon ya ɗauke, fitila ta kama. Ribon da ya tsinke ba a ɗinke shi, sabo ake sawa.

Maganin kuwa bai kai minti biyu ba. A miƙe tayoyin gaba sak kafin a fara, a sa alama a kan sandar sitiyari, kuma da an zare tsohon sitiyari a manne faifan da tef kada ya motsa. In ya riga ya juya, a juya shi a hankali zuwa gefe ɗaya har a ji ya ɗan yi tauri, kada a matsa, sannan a dawo da shi rabin tsawonsa, wato kamar juyi biyu da rabi, har alamomin da ke jikinsa su haɗu. Yawancinsu an rubuta adadin a kan takardar da ke manne a jiki. A motoci masu na'urar hana santsi, abin da ke auna kusurwar sitiyari ma a nan yake zaune, shi ya sa wani lokaci fitila biyu ke kamawa tare, kuma ita ta biyun sai an saita ta da na'ura.

Wani abu ƙarami da ke ceton haƙora: in za ka fizgo tsohon sitiyari, sassauta notin tsakiya amma ka bar shi a kan zarensa. Sitiyarin yakan ƙi fita, sannan ya saki gaba ɗaya.

To an sa rizisto daidai, ribon lafiya, fitila ta ƙi mutuwa. Nan sai a koma cire batir ana mayarwa, wani har ya bar shi a cire ya kwana. A yawancin motoci wannan ba ya goge laifin jakar iska, domin kwamfutar tana ajiye shi a inda ɗaukewar wuta ba ta shafa. Ƙaramar na'urar nan ta OBD, mai karanta laifin mota, da ake sawa a ƙarƙashin sitiyari ma sau da yawa inji kawai take karantawa, sai ta ce maka babu laifi alhali fitila na kallonka. Ana buƙatar wadda ke shiga sashen SRS. Kuma a karanta kafin a goge. Lambobin wannan sashe da harafin B suke farawa, kuma suna faɗin wane layi ne da irin cutarsa. A motocin Toyota da yawa, misali, B1801 na nufin layin jakar direba ya yanke, B1800 kuma ya haɗe. Mai yiwuwa ma ka tarar laifin ba na sitiyari ba ne sam, soket ne a ƙarƙashin kujera ya saki tun tuni. In ka goge ya dawo nan take, cutar na nan. Sake gogewa ba zai warkar da ita ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk wannan magana. Fitila ta mutu, mutum ya saki jiki kamar komai ya koma yadda yake. Bai koma ba. Rizisto amfaninsa ɗaya ne: ya bar kwamfuta ta ci gaba da lura da sauran jakunkuna da bel. A gabanka kuwa babu komai sai ƙarfe da fata. Cibiyar IIHS ta Amurka, mai binciken haɗurran mota, ta ƙiyasta cewa jakar gaba na rage mutuwar direbobi a karon gaba da gaba da kashi 29 cikin ɗari. Kuma akwai abin da mutane ba su cika sani ba: bel ɗin motocin zamani an ƙera shi ne ya ɗan saki idan nauyin jiki ya kai wani matsayi, don kada ya karya ƙashin ƙirji, bisa lissafin cewa jaka na gaba za ta tare kai. Ka cire jakar, bel bai sani ba, zai saki yadda aka koya masa. Motar tsere da ake gani da ƙaramin sitiyari tana da kujera ta musamman, da ɗamara mai rassa huɗu ko shida, da hular kwano a kan direba. Mai motar hawa ta yau da kullum sitiyarin kaɗai ya ɗauko daga cikin wannan tsari. A ra'ayina, motar da ake kai yara makaranta da ita, ko wadda wani ke karɓar makullinta, ba ta dace da wannan canji ba. In sha'awar ta kamanni ce ko ta jin riƙo, akwai sitiyarin da ake sake wa fata da siffa amma ya riƙe jakarsa ta asali.

Doka ma tana da ta cewa, kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya mota kan faɗi gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, in fitilar SRS na nuna laifi, ko in an ga jakar da ta zo da ita babu. A Amurka dokar tarayya ta hana dillalai da garejin gyara kashe na'urar kariya irin wannan. Kamfanin inshora ma yana iya ƙin biya in ya tarar da canjin da ba a sanar da shi ba. Wanda kuma zai sayar da mota da rizisto a ciki, allo fes babu fitila, bai gaya wa mai saye ba, ya ci amanarsa.

Saboda haka kada ka rabu da tsohon sitiyari da jakarsa da kusoshinsa. Ka ajiye su wuri busasshe, nesa da zafi, fuskar jakar na sama. In ka riga ka rasa su kuma kana son komawa, ka yi hattara da jakar hannu da ba a san asalinta ba. Akwai jabu a kasuwa, akwai kuma na kamfanin Takata da aka janye miliyoyinsu a duniya saboda makunninsu na iya tarwatsewa ya watsa ƙarfe a fuskar direba. A duba lambar jakar da lambar shasin motar a wurin wakilin kamfanin kafin a ɗaura. Ranar mayarwa a tuna a cire rizisto, a ɗaure notin tsakiya da ma'aunin ƙarfi daidai da abin da littafi ya ce, sannan a murɗa makulli ta taga, jiki na waje da motar, a ga fitilar ta kama ta kuma mutu da kanta.