Yadda Ake Tantance Burbushin Archimedes Har A Gano Danginsa

Wanda ya tsinci wannan abu a cikin dutsen farar ƙasa a jihar Kentaki ko Indiyana ta Amurka, zai rantse sukuru ne wani makaniki ya yar. Alhali kuwa ginshiƙin gidan wasu ƙananan dabbobin teku ne da ake kira Bryozoa, waɗanda suka rayu fiye da shekara miliyan 320 da suka wuce. An laƙaba masa sunan Archimedes ne saboda ya yi kama da murɗaɗɗiyar na'urar jan ruwa ta masanin nan na Girka.

Kafin komai, rubuta inda aka samo shi da shimfiɗar dutsen da ya fito. Burbushin da ba a san asalinsa ba, rabin amfaninsa ya tafi. Sai ka wanke shi da ruwa da buroshi mai laushi.

Daga nan ɗauki gilashin ƙara girma ka duba ƙananan ramukan da ke jikin ragar da ke gefensa. Kowane rami ɗakin dabba guda ne, faɗinsa bai kai milimita 1 ba. Idan ka ga rami da bangwaye a ciki sun nufi tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke, murjani ka riƙe.

Yanzu ga inda aikin yake. Sukurun shi ke jan ido, amma ragar da ke manne a gefensa, mai kama da rariya, ita ce mazaunin dabbobin, ita ce kuma ke faɗin gaskiya. Sau da yawa ta kakkarye, don haka ka bi dutsen a hankali ka nemo ko da guntunta. Ƙirga layukan ɗakuna a kan kowane reshe na ragar. Archimedes da ɗan'uwansa mai raga Fenestella layi 2 gare su, wani ɗan'uwan nasu Polypora kuwa ya fi haka. Raga mai layi 2 da ba ta tare da sukuru tana iya ruɗin ƙwararre ma, kada ka yi saurin yanke mata suna.

Don ganin ciki, a yanka dutsen ta fuska uku: a tsaye, a kwance, da kuma dab da fatar ragar. A goge shi ya yi sumul, a tsoma a asid mai rauni na 'yan daƙiƙoƙi, a zuba asiton, wato sinadarin goge fenti, a manna siririyar ledar asitet, wadda asiton ke tausasawa. Idan ta bushe aka ɓare, siffar ɗakunan za ta fito a jikinta, sai a duba a na'urar hangen ƙananan halittu. Auna faɗin tagogin ragar, wato guraben da ke tsakanin rassanta, da tazarar ɗakuna, wurare da yawa, domin gida ɗaya ma yakan bambanta daga gindi zuwa sama.

Da waɗannan alƙaluma za ka jera matsayinsa: babban rukuni Bryozoa, aji Stenolaemata, zuriyar masu raga Fenestrata wadda ta ƙare a ƙarshen zamanin Permiyan, shekara miliyan 252 baya, sai jinsi Archimedes. Sunan nau'i kuwa, irin su Archimedes wortheni da James Hall ya bayyana a 1857, sai ka gwada awonka da samfurin asali da aka raɗa wa sunan. Idan sukuru kaɗai ke hannunka, rubuta Archimedes sp., ma'ana ba a tantance nau'insa ba, ka tsaya nan.