Idan kyanwa ko kare mai ciwon suga ya yi amai, yaya za ka yi da allurar insulin?

Kyanwata tana karɓar allurar insulin, mai sauke suga a jini, safe da yamma, awa 12 tsakani, kuma a duk jinyarta babu abin da ke tayar min da hankali kamar amai. Lafiyayyar dabba in ta yi amai sau ɗaya, share wurin kawai za ka yi. Mai ciwon suga kuwa, abincin da ta harar shi ne wanda allurar za ta yi aiki a kansa, ita kuma allura in ta shiga ta shiga.

Saboda haka abu na farko da za ka tantance: an riga an yi allurar, ko ba a yi ba?

In an yi, abin tsoro shi ne sugan ya faɗi ƙasa. Ɗauko na'urar gwajin suga, irin ta mutane da ake sayarwa a kemis ma tana taimakawa, duk da takan nuna ƙasa kaɗan da gaskiyar abin da ke jinin dabba. Ni gefen kunne nake sokawa. Nakan murza kunnen tsakanin yatsuna har ya yi ɗumi, in tokare bayansa da auduga, ɗigo ɗaya ya isa. In ka ga ƙasa da 70, ko wajen 4 a na'urar da ke da ƙananan lambobi, sugan ya yi ƙasa. Ko babu na'ura jikin zai gaya maka: rawar jiki, tangaɗi, kasala, ido ya kafe, in abin ya yi nisa har da jijjiga. Lakato zuma da yatsa ka goga mata a dasashi. Gogawa na ce. Kada ka ɗura wa dabbar da ba ta cikin hayyacinta komai, zai iya wucewa huhu. In babu zuma, dama sukari da ruwa kaɗan ya yi kauri. Da ta farfaɗo ka ba ta abinci kaɗan, ka sake gwadawa bayan kamar minti 20, sannan ka kira likitan dabbobi ko da ta miƙe garau, domin ƙarfin zumar yana ƙarewa tun allurar ba ta gama aiki ba.

Kada kuma ka sake yin allura don kana kokwanton ta farko ta shiga.

In ba a yi allurar ba tukuna, dakata. Bar cikin ya huta awa ɗaya ko biyu, ka ba ta ruwa cokali-cokali, sannan ɗan dafaffen naman kaza, ba fata, ba mai, ba magi, ba albasa (albasa guba ce ga kare da kyanwa). In ta ci ya zauna, a yi allura yadda likita ya tsara. In ta ƙi ci, a nan ne mutane ke ruɗewa. Likitoci da yawa kan ce a yi rabin adadin, amma wannan ya danganta da dabbar da abin da gwaji ya nuna. Ina roƙonka, tun yau da take lafiya ka tambayi likitanka adadin da za ka yi ranar da ta ƙi abinci, ka rubuta ka manna a jikin firji. Shawarar nan da ake bayarwa ta a hana dabba abinci yini guda bayan amai ba ta mai ciwon suga ba ce. Kyanwa ma in ta kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, hantarta kan taɓu.

Daina allurar gaba ɗaya shi ma haɗari ne. Jiki in ya rasa insulin sai ya koma ƙona kitse, wani sinadari da ake kira kiton ya taru a jini, kuma shi kansa yana jawo amai. Akwai tsinken gwajin fitsari da ke nuna shi. In tsinken ya canza launi, ko dabbar tana haki, ko dasashinta ya bushe yana danƙo, ko ta yi amai fiye da sau biyu, ko ruwa ma ba ya zama, to maganar gida ta ƙare. Ƙarin ruwa take buƙata. Mu a Zariya Allah ya hutar da mu, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Kada a ce sai gari ya waye in akwai yadda za a yi.

Maganin mutane kuwa a bar shi a inda yake. Farasitamol yana kashe kyanwa.

Bayan an samu sauƙi, ka bincika abin da ya jawo. A kyanwa wani lokaci curin gashin da ta lashe ne kawai, za ka gan shi a cikin aman. A kare, kitse ne babban mai laifi, yana kumbura fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, shi ya sa da Babbar Sallah nake roƙon yaran gida kada su jefa wa dabba ko guntun kitse. Karya da ba a cire mata mahaifa ba, a duba ko mahaifar ta tara mugunya. Duba kwalbar insulin ɗin ma. Insulin na son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba ya son ƙanƙara, zafin watan Afrilu kuma yana rage masa ƙarfi. In an ɗauke wuta, nakan ƙulle kwalbar a leda in ajiye ta a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Ka tabbata sirinjin ya dace da kwalbar, domin akwai U-40 akwai U-100 (lambar ƙarfin insulin da ke rubuce a jikinsu), kuma haɗa su ba daidai ba yana sa a yi allura fiye da kima ko ƙasa da kima.

In za ku tafi asibiti, ɗauki kwalbar insulin da sirinjin, da takardar da ka rubuta lokacin allura, lokacin aman da sakamakon gwaji. Ɗauki hoton aman a waya. Zumar kuma ta kasance a aljihunka, don sugan na iya faɗuwa kuna cikin Keke Napep.