Yadda Ake Kwashe Tsarin Fuskar Kwamfuta Zuwa Wata Kwamfutar

Wannan bayani na masu Windows 10 ko 11 ne. Filas ɗaya ya isa aikin.

1. A tsohuwar kwamfutar, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta shell:desktop, ka danna Enter. Kwafe fayilolinka da suka bayyana zuwa filas.

2. Maimaita haka da shell:common desktop. Kada ka tsallake wannan, domin nan manhajoji da dama ke ajiye gajerun hanyoyinsu (shortcuts), wato ƙananan alamomin da ake dannawa a buɗe su.

3. Don hoton bango da launuka, shiga Settings, sai Personalization, sai Themes. Adana jigon (theme) da kake kai, danna shi da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Save theme for sharing. Fayil ɗin da ya fito, shi ma jefa shi a filas.

4. A sabuwar kwamfutar, fara girka manhajojin tukuna. Nan ne ake yawan tuntuɓe. Gajerar hanya ba ita ce manhajar ba, adireshinta kawai take riƙe da shi. In manhajar ba ta nan, ko tana wata jaka daban, ko ka danna ba za ta buɗe ba. Haka ma wadda ke nuni ga na'urar ajiya ta waje: in harafinta E ne a can amma ya zama F a nan, shiga Properties na gajerar hanyar ka gyara harafin a layin Target. Firinta kuwa, gara a haɗa ta sabuwa.

5. Liƙa fayilolin a shell:desktop, sannan ka danna fayil ɗin jigon sau biyu.